Rajistar Lalla Zuhra

A Yamai na fara gane cewa tafiyar nan ba irin wadda aka zayyana mini a Kano ba ce. Dillalin da ya yi mana biza ya ce a tashar bas za mu tarar da wani mutuminsa, Alhaji Garba, shi zai riƙe hannunmu har Maroko. Mu huɗu muka yi kwana biyu a kan benci muna tare duk mai babbar riga muna tambayarsa ko shi ne Alhaji Garba. Da muka gaji muka kira lambar dillalin, sai wata mata ta ɗauka, ta ce ita atamfa take sayarwa, mu daina damunta. Biyu daga cikinmu suka juya gida a ranar. Ni ban juya ba, kuma ba jarumta ce ta hana ni ba. Shanun huɗata biyu na kai kasuwar Rogo na sayar kafin in fito, duk Ruwan Bago an san haka, an kuma rako ni har bakin titi ana yi mini addu'a. Kunyar komawa bayan kwana huɗu ta fi mini tsoron abin da ke gaba.

Sana'ata rubutun Alƙur'ani ce da hannu. Shekara goma sha tara na yi a gaban Gwani a Unguwar Hajji ta Karaye, sai da na rubuta huɗu da ka kafin ya yarda a kira ni alaramma. Ba yabon kai ba, a tsararmu babu mai hannu irin nawa, kuma na san haka fiye da yadda ya kamata in sani. Sai dai ɗan bugu ya cika kasuwa, waya ma karatu take yi, mai haƙurin jiranka wata takwas ya yi ƙaranci. Dillalin ya ce a Maroko akwai wata cibiya da ke ɗaukar marubuta irina, don rubutunsu da namu tushe ɗaya ne. Bizar wata uku ce, amma in na isa cibiyar za ta sa hannu a mayar mini da ita takardar zama. Maganar tushen rubutu kaɗai ce gaskiya a cikin duk abin da ya faɗa.

Daga Yamai zuwa Bamako mu biyu muka rage, ni da wani tela ɗan Gwarzo mai suna Sabo, mutum mai surutu. A kowane shinge sai an sauke mu, kuma abin da ya fi ɗaukar idon jami'ai shi ne gafakata, jakar fatar da nake zuba kayan aiki a ciki: alƙaluman gamba, ƙullin ƙaro, da 'ya'yan bagaruwar da nake dafa tawada da su. Wani ya zazzage ta a kan tebur, ya ɗauki ƙaro ya lasa, ya tofar, ya ce ƙwaya ce. Sai da na jiƙa kaɗan a murfin gora na liƙa masa takarda biyu a gabansa kafin ya ƙyale ni. Kafin nan ya riga ya karya mini alƙaluma shida yana neman abin da na ɓoye a cikinsu. Na duƙa na tsince su.

Sabo ya tsaya a Nuwakshot, ya sami keken ɗinki a shagon wani mutumin Sanagal. Ya yi ta lallashina in zauna in riƙa yi musu guga, na ce ban yi shekara goma sha tara ina gyara hannu don in riƙe dutsen guga ba. Ya yi dariya ya ce to Allah ya kai ni inda ake neman hannun. Daga nan ni kaɗai na ci gaba. Direban motar da na hau zuwa arewa ya ga tabon tawada a yatsuna, ya tambaye ni ko ni mahaddaci ne, sai ya tashi wani daga gidan gaba ya zaunar da ni, ya ce in riƙa yi masa karatu kada barci ya ɗauke shi. Kwana biyu yana raba burodinsa da ni, ko sunansa ban tambaya ba.

A wannan hanyar na fara ganin teku. Ruwa mafi girma da na sani kafin nan shi ne dam ɗin Challawa, inda in ka tsaya kana hango ɗaya gaɓar. Wannan kuwa ba shi da ɗaya gaɓar, ga sanyi yana busowa daga kansa yana ratsa 'yar shaddata. Ban ji daɗin ganinsa ba.

A Kazabalanka na nuna wa mai tasi adireshin cibiyar, ya kai ni har ƙofa. Shagon faci ne. Mai shagon ya karɓi takardar ya duba, ya ce ni ne na uku da aka turo masa a wannan shekarar, ya ba ni kujera da shayi, ya koma kan tayarsa. Na zauna da kofin a hannu har ya huce. Da na tashi tafiya ya kwatanta mini unguwar da baƙaƙen fata suke zama.

Mako biyar na yi a birnin nan, kuma su ne mafi muni a rayuwata har zuwa lokacin. Ɗaki ɗaya mu goma sha biyu, yawancinsu jiran tsallakawa Turai suke yi, ba mai jin Hausa ko ɗaya. Na sami aikin ɗaukar akwatunan kifi a tashar jiragen ruwa. Ƙanƙara da gishiri suka farfasa mini yatsu, har ya zama in na tashi da safe sai na jima kafin in iya naɗe hannuna. Wannan ya fi yunwa tayar mini da hankali, don hannun nan shi ne duk abin da na zo da shi. Shugaban leburori yakan manta da wasu ranakun da na yi aiki, in na yi magana sai a fashe da dariya, don Larabcina na littafi ne, wai ina neman haƙƙina kamar mai huɗubar Juma'a. Lokacin cirar gyaɗa ne a gida. Nakan tsaya da akwati a ka in tuna ƙamshin ƙasa in an tumɓuke gyaɗa, da tuwon dawa miyar kuka. In mai ɗakina Hajara ta kira, sai in ce mata aiki yana tafiya lafiya a cibiya, an ma ba ni ɗakina ni kaɗai.

Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, na bi wata motar kifi zuwa wani ƙaramin gari a bakin teku, kudu da birnin, inda aka ce ana neman leburori. Ban sami aikin ba. Na shiga masallaci bayan la'asar, na tsinci ɓallin kwali, na fito da alƙalami ina gwada hannuna in ga ko ya mutu. Wani dattijo cikin jallabiya ruwan toka ya tsaya a kaina. Ya karɓi kwalin ya kai shi har kan hancinsa, ya karkata shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ni daga ina, na ce daga ƙasar Kano. Ya ce rabonsa da ganin irin wannan rubutun tun malamin da ya koya masa karatu yana yaro. Sunansa Si Larbi. Ya tambayi nawa, na ce Ɗayyabu, shi kuwa daga ranar Si Ɗayyib yake kirana.

Gidansa tsohon masauki ne mai ɗaki takwas, na mahaifinsa, an daɗe da daina saukar baƙi a ciki. Ƙasan ya mayar shagon tsofaffin kaya, amma ainihin cinikinsa littattafan baƙi ne. Kowane ƙaramin otal a gaɓar nan a da yana da rajista, babban littafi mai layi-layi, inda ake rubuta sunan baƙo da garinsu da ranar da ya sauka da abin da ya kawo shi. Otal-otal ɗin sun mutu ɗaya bayan ɗaya, Si Larbi ya riƙa bin magada yana karɓar littattafan kafin a kunna wuta da su. Ya tara sun fi ɗari. Akwai masu tara irinsu, Turawa da 'yan birni, su zo su sa safar hannu suna juya fallayen kamar masu taɓa jariri, suna shinshina su. In littafi yana da tabon shayi ko zanen gindin kofi, sai su ƙara sonsa. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Sunayen matattu ne da ba ka san su ba, waɗanda suka kwana biyu suka wuce, amma na ga wata mata tana share hawaye a kan shafin da wani ya dangwala yatsa don bai iya sa hannu ba. Na ce a raina, wanda ya ƙoshi ba ya rasa abin yi.

Yanar ido ta kusa rufe wa Si Larbi gani, shi ya sa yake neman mai karatu. Aikina shi ne in goge fumfuna da burushi mai laushi, in shanya littafin da ya sha danshi a inuwa, in karanta masa na Larabci ya san abin da yake sayarwa, in kuma ɗinke wanda ya ɓalle da zare yadda ya koya mini da lalube. Ya gargaɗe ni tun ranar farko kada in goge tabo ko in gyara kuskure, don masu saye tsufan suke biya. Ya ba ni ɗaki mai lamba uku a sama, da bargo biyu, da man zaitun in riƙa shafa wa yatsuna. Tare muke cin abinci a kwano ɗaya. A mako na biyu ya sa aka karɓo takardar ɗaukar ma'aikaci daga ofis, wadda in ya sa mata hannu zan sami takardar zama. Ya ajiye ta a aljihun tebur, ya ce shi tunda yake bai taɓa sa hannu a abin da bai karanta da idonsa ba. An ba shi ranar aikin ido a Rabat, in ya dawo yana gani shi ne abin da zai fara yi. Na lissafa kwanakin bizata na ga za su kai, da ɗan saura. A karo na farko na kira Hajara ba tare da na yi mata ƙarya da yawa ba.

Littafi ɗaya ne ba na sayarwa ba, rajistar gidan kansa. Ba ya zama a shago, a sama yake cikin akwatin katako. Rabin farko hannun mahaifinsa ne, baƙi wuluk, tsaf. Daga inda mahaifin ya rasu, Si Larbi yana ɗan shekara shida, mahaifiyarsa Lalla Zuhra ta karɓi ƙofa da alƙalami. Ba ta yi makaranta ba, da girmanta ta koyi rubutu don kada hukuma ta rufe masaukin. Falle talatin da ɗaya ta cika. Saboda rashi takan ƙara wa tawada ruwa don ta daɗe, shi ya sa nata ya koɗe ya zama ruwan ƙasa-ƙasa, wani wurin sai ka karkata takardar kafin ka ga akwai rubutu. Kowace Juma'a bayan masallaci Si Larbi yakan sa in sauko da littafin in karanta masa, shi kuma yana bin inda nake da yatsa. Ba sunaye kawai take rubutawa ba. A gefe za ka ga ta sa: wannan yana tari, a ba shi ɗakin da rana ke shiga. Ko: masunta uku daga kudu, jirginsu ya fashe, ba a tambaye su komai ba. Ko: Larbi yana zazzaɓi, yau ban yi shara ba.

Zan faɗi gaskiya, maganganunta sun shiga raina, amma hannunta na raina shi. Layi ya hau ya sauka, baƙi ya kwanta a kan ɗan'uwansa, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Da a gaban Gwani ne da an sa ta wanke allon. Nakan karanta da sauri in tsallake munin in kai ga ma'ana, yadda aka koya mini.

Juma'ar ƙarshe kafin tafiyarsa, na tsaya a wani layi na kasa fitar da shi, tawadar ta tafi. Ya shafa wurin da yatsa ya ce, “Yana tafiya, Si Ɗayyib. Kowace shekara iskar teku tana cin nata. Nan da 'yan shekaru farar takarda za ta rage.” Ya rufe littafin. Ranar Lahadi ya miƙa mini makullan gidan gaba ɗaya, har da na akwatin, ya ce kwana goma sha biyu zai yi a gidan 'yarsa.

A wurinmu, in fallen Alƙur'ani ya tsufa ya koɗe, ba a zuba masa ido har ya mutu. Kawo wa marubuci ake yi ya sabunta shi, harafi da harafi, a mayar da sabon a gurbinsa. Tsohon kuma ba a ajiye shi, don wata rana zai faɗi a taka, ko yara su yi wasa da shi. Ƙona shi ake yi a tsaftataccen wuri, a binne tokar ko a zuba a ruwa mai gudu. Na yi wa gidaje da yawa wannan aikin daga Karaye har Rogo, na ga tsofaffi suna kuka don murna in na miƙa musu Alƙur'anin kakansu ya dawo yana karantuwa. Gwani ya sha gaya mana cewa hannu ba komai ba ne, bawan kalma ne, in ya gaji a kawo wani. Na tuna gargaɗin Si Larbi a kan tabo da kuskure, amma na ce ai wannan don masu saye ne, su da ke son tsufa. Wannan littafin ba na kasuwa ba ne, na gida ne, na karantawa. Ga shi kowane shafi Lalla Zuhra da bisimilla ta buɗe shi, ga Abdullahi da Abdurrahman a kowane layi. Mutumin nan ya ɗauke ni daga kan kwali ya ba ni ɗaki, ba ni da abin da zan saka masa da shi sai hannuna. Har na riƙa hango fuskarsa in ya buɗe da sababbin idanu ya ga maganar mahaifiyarsa ta fito raɗau.

A ƙarshen littafin akwai fallaye da yawa da ba a taɓa rubutu a kansu ba, takarda iri ɗaya, layi iri ɗaya. Na warware ɗinkin a hankali. Na dafa bagaruwa, na tace, na sa ƙaro, na fiƙe alƙalamin da na fi ji da shi. Kullum in na idar da sallar asuba sai in yi alwala sabuwa in zauna bakin taga har rana ta karkata. Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba, ko a Alƙur'anina na farko. Inda ya koɗe na bi shi da madubin ƙara girma har na fitar da shi, layi biyu kacal suka gagare ni na bar gurbinsu. Bisimilla na yi ta da ja. Inda ta yi kuskure na gyara mata, ina ganin rufin asiri ne. A rana ta goma na gama, na ɗinke, littafin ya koma kamar ba a taɓa shi ba.

Washegari da hantsi na hau soro da kaskon gawayi da fallayen nan talatin da ɗaya. Na yi bisimilla na riƙa sa su ɗaya-ɗaya, ina tare iska da jikina kada ko ɓalli ya tashi. Takardar ta tsufa, ba ta yi gardama ba. Na tattara tokar a farin ƙyalle, na gangara bakin teku, na shiga ruwa har gwiwa na zuba, na yi wa Lalla Zuhra addu'a. Na dawo gida zuciyata wasai, har na saya wa kaina kifi.

Washegari Si Larbi ya dawo da azahar, da baƙin tabarau, ba sanda. Na tare shi a ƙofa, muka gaisa, na yi masa barka da arziki, na tambayi 'yarsa da jikoki da gajiyar hanya. Ya cire tabarau ya ƙare mini kallo ya ce ashe haka nake, shi ya ɗauka na fi haka tsufa. Na ɗora ruwan shayi, ya ce shayi ya jira.

“Sauko mini da littafin Mahaifiya,” ya ce. “Shekara bakwai ban ga hannunta ba. Likita ya tambaye ni me zan fara kallo in an buɗe mini, na ce masa wannan.”

A kan matakala na ji wani abu ya ɗan taɓa ni a ciki, amma ban tsaya na saurare shi ba. Na kawo littafin na ajiye a gabansa, na koma gefe na tsaya ina jiran yabo. Ya juya shafukan mahaifinsa da sauri. Ya zo na farkon nawa ya tsaya. Ya juya na biyu, na uku, ya tsallaka tsakiya, ya je ƙarshe, ya dawo. Ya ce rubutun ya yi kyau ƙwarai, ya gane hannuna ne, Allah ya saka. Sai ya miƙo hannu ya ce to in ba shi nata.

Na ce, “Na ƙona su, Sidi, kamar yadda ake yi. Tokar ma ba ta taɓa ƙasa ba, a teku na zuba.”

Hannun nasa ya daɗe a miƙe kafin ya sauke shi. Na shiga bayani, bakina yana sauri. Na ce ba kalmar da ta ɓata sai layi biyu, ya gwada ni a kowane shafi, yanzu zai shekara ɗari yana karantuwa, haka muke yi wa Littafin Allah ma a garinmu. Ya bar ni har na ƙare.

“Kalmomin suna kaina tun ina yaro,” ya ce. “Karatun da nake sa ka, don in san inda zan ɗora yatsana ne.”

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya rufe littafin, ya mayar da tabarau, ya hau sama yana dafa bango kamar yadda yake yi kafin a yi masa aiki. Na tsaya a wurin har ruwan shayin ya ƙone a buta.

Kwana biyu bai sauko shago ba. In lokacin abinci ya yi sai in tarar da rabona a ƙofar ɗaki mai lamba uku, an rufe da faranti. Ban iya ci ba. Na je bakin teku inda na zuba tokar na tsaya kamar wawa, ban san abin da nake nema ba. A kwana biyun nan na fara gane abin da matar nan mai sayen littattafai ta yi wa kuka a kan dangwalen yatsa. Inda layin Lalla Zuhra ya karkace, wataƙila yaro ne ya ja mata zane. Inda tawada ta yi ruwa, ranar babu ne. Ni na share duk wannan na sa hannun alaramma a wurin, hannun da ba ya nuna gajiya ko yunwa, don an dake shi har ya daina nunawa. Takardar aljihun tebur ma tana raina, ba zan ɓoye ba, saura kwana goma sha ɗaya bizata ta ƙare. Na ji kunyar tunaninta, amma na yi ta tunaninta.

A rana ta uku da safe ya kira ni. Yana zaune a teburin shago, a gabansa ga takardar ɗaukar aiki, ga farin falle guda, ga tawadata da alƙalamina ya sa an sauko da su. Idanunsa sun yi ja, na san likita ya hana shi kuka. Ya ce in zauna.

“Kwana goma kana kallon hannunta, fiye da yadda kowa ya taɓa kallonsa,” ya ce. “Kai marubuci ne. Rubuta mini layi ɗaya yadda take yi. Sunana kawai ma ya isa. Ba yadda ya kamata ba, yadda take yi.”

Na ɗauki alƙalami da murna, na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne. Na tsoma, na ɗora a takarda, sai na tsaya. Na san sau goma sha huɗu sunansa ya zo a fallayen, na san abin da ke gaba da bayan kowanne. Amma yadda ta ja shi, ta ina ta fara, ina ya karkata, wane harafi ta kumbura, babu komai a kaina. Na rufe ido na nemo shafin, sai nawa ya fito, da jan bisimilla. Na rubuta, ya fito a miƙe. Na sake, na karkata shi da gangan, ya fito kamar hannun gwani yana kwaikwayon yaro. Na cika rabin fallen da Larbi, Larbi, Larbi, yana kallon kowanne yana girgiza kai a hankali. Kwana goma na yi da rubutun matar nan a gaban idona, ban kalle shi ko sau ɗaya ba.

Ya sa hannu ya zare alƙalamin daga yatsuna, ba da ƙarfi ba. Ya jawo takardar ɗaukar aikin, ya karanta ta daga sama har ƙasa da sababbin idanunsa, a hankali. Ya ce ya san ba mugunta na yi ba, kuma ya yafe mini tsakaninsa da Allah. Amma akwai layin da ke cewa ya amince wa wannan mutum da dukiyarsa da amanar gidansa, shi kuma ba zai sa hannu a kan abin da ba ya ji a zuciyarsa ba. Ya ninke ta biyu ya sa mini a aljihun gaba. Na tattara tawadata da alƙalamina na hau sama haɗa kaya.

Shi ya raka ni tasha washegari. Ya ba ni jallabiyarsa ruwan toka saboda sanyin hanya, da burodi da zaitun a leda, ya yi magana da direba ya ba ni wuri mai kyau. Mun yi musafaha, ya ce Allah ya kai ni gida lafiya, ya gaishe da iyali. Fuskata ce dai bai kalla ba.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, shingayen nan ne dai da ƙurar nan, sai dai wannan karon ba wanda ya kula da gafakata. Na iso Ruwan Bago ana tsakiyar hunturu, ba shanu, ba tsaraba. Duk wanda ya tambaya nakan ce sanyin ƙasar ne bai karɓe ni ba. Hajara kaɗai na gaya wa gaskiya, ta saurara har ƙarshe, ta ce ai lada na nema, ta tashi ta ci gaba da tankaɗe. Na san don ta kwantar mini da hankali ta faɗa.

Shekara shida ke nan. Da fartanya nake noma yanzu, rubutu kuma sai jefi-jefi. Wani lokaci in na gama aiki tawada ta rage a kwalba, nakan jawo allo in gwada sunan nan, ko Allah zai sa hannuna ya tuna abin da idona bai ajiye ba. Na gwada da hagu, na gwada a tsaye, na gwada bayan na wuni a gona yatsuna suna rawa. Har yau a miƙe yake fitowa.